Matar da Aka Manta a Cikin Labarin

Littafin ya zo hannuna ne ba da niyya ba. A wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi cikin Sabon Garin Kano na tsince shi, bangonsa ya yage, wasu shafukan sun sha ruwa sun bushe sun yi cukui. Sunan James Baldwin na gani na saya, domin na san shi da rubutu a kan halin da baƙar fata ke ciki a Amurka, na kuma zaci irinsa zan tarar. Sai da na yi nisa na gane cewa Giovanni's Room, wanda ya fito a 1956, babu baƙar fata a cikin taurarinsa, kuma labarin soyayya ne tsakanin maza biyu a birnin Paris. Na rufe shi na tura ƙarƙashin katifa. Bayan kamar mako guda na zaro shi na ƙarasa, kuma abin da ya tsaya min a rai tun daga ranar har yau wata mace ce da ke cikinsa, mai suna Hella.

Ga yadda abin yake. David, ɗan Amurka mazaunin Paris, ya nemi Hella da aure, ita kuma ta tafi Sifaniya ta yi shawara da zuciyarta. Kafin ta dawo ya haɗu da Giovanni, wani ɗan Italiya mai aiki a mashaya, ya tare a ɗan ƙaramin ɗakinsa. Da ta dawo ta ce ta amince, sai David ya sulale ya bar Giovanni ya koma wurinta, yana ganin a jikinta zai samu mafakar da za ta raba shi da abin da yake gudu. Giovanni ya lalace, har ya kai ga kashe mai mashayar, aka yanke masa hukuncin fille kai. Hella kuwa tana nan tare da David a wani gida da suka kama a kudancin Faransa, tana kallon yadda yake janye jiki daga gare ta kullum, tana tuhumar kanta, tana roƙonsa ya gaya mata laifinta. Daga ƙarshe ya ɓace na kwanaki, ta bi sawu ta same shi a wata mashaya tare da wani sojan ruwa. Ta haɗa kayanta ta koma Amurka. Baldwin bai wanke David ba. Ya nuna shi a matsayin matsoracin da ya ɓata rayuka biyu domin ya kasa faɗin gaskiya ga ko ɗaya daga cikinsu.

Kafin in ci gaba bari in faɗi inda na tsaya, don kada a yi min fassarar da ban yi ba. Ni Musulmi ne, na san hukuncin addinina a kan luwaɗi da maɗigo, ban zo in taɓa shi ba, ba ni ma da wannan hurumin. Wannan shafi ba na fatawa ba ne. Abin da na sani shi ne karatu, kuma akwai wani reshe na adabin duniya da ya girma ya yi rassa, yana cikin wayoyin 'ya'yanmu, yana cikin jerin littattafan da marubutan Najeriya ke cin kyaututtuka da su, mu kuma mun zaɓi mu yi ta yi masa hukunci daga nesa ba tare da mun buɗe shafi ɗaya ba. Na buɗe, kuma na ga abin da ya shafe mu kai tsaye.

Wannan adabi yana da mahaifa, kuma mahaifarsa tsoron kotu ce. A 1885 majalisar Birtaniya ta ƙara wani sashe a dokar laifuka wanda ya haramta duk wata mu'amala irin wannan tsakanin maza, ko da a cikin ɗaki ne a kulle. Da wannan sashe aka ɗaure Oscar Wilde a 1895, shekara biyu da aiki mai tsanani, alhali a lokacin wasannin kwaikwayonsa ne ke cika zaurukan Landan. Ya fito a karye, ya mutu a Paris a 1900. Mutane suka riƙa kiran dokar da lasisin masu tatsar kuɗi, domin duk wanda ya riƙe wasiƙar wani ko ya san inda yake kwana, ya samu saniyar tatsa har abada. A cikin wannan yanayi E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914. Tauraron littafin ya je wurin likita, ya je wurin mai sa mutum barci da sunan magani, duk don a cire masa abin da ke ransa, abokinsa Clive kuma ya juya masa baya ya yi aure. Forster ya dage sai labarin ya ƙare da daɗi, inda Maurice ya tafi da Alec, mai gadin dajin farauta a gidan gonar Clive. Saboda wannan ƙarshen ne ya san ba zai iya bugawa ba. Ya ajiye rubutun fiye da shekara hamsin yana nuna wa amintattu kaɗai. Ya rasu a 1970, littafin ya fito a 1971, shekara huɗu bayan Ingila ta sassauta dokar a 1967.

Matan ma haka. A 1928 wata kotu a Landan ta ba da umarnin a lalata kwafin The Well of Loneliness na Radclyffe Hall, duk da cewa wanda ya karanta shi ya san ba littafin batsa ba ne, kuka ne mai tsawo. A Amurka, Patricia Highsmith ta fitar da The Price of Salt a 1952 da sunan aro, Claire Morgan, sai a 1990 ta yarda aka buga shi da sunanta na gaskiya, da sabon take, Carol. Shi kansa Baldwin, kamfanin Knopf da ya buga littafinsa na farko ƙin karɓar na Giovanni ya yi. Duk waɗannan littattafai ne na mutanen da ke raɗa. Babu wanda ke tsayawa a tsakar gida ya yi shela.

Shelar ta zo ne daga baya, kuma siyasa ce ta kawo ta. A watan Yunin 1969 'yan sanda suka kai samame wata mashaya ta irin waɗannan mutane mai suna Stonewall a New York, waɗanda ke ciki suka yi turjiya, aka kwana da kwanaki ana artabu. Daga nan masu fafutuka suka ɗauki wata dabara: kowa ya fito ya gaya wa iyayensa da abokan aikinsa gaskiyarsa, domin mutum ya fi jin nauyin tsanar ɗansa ko ƙaninsa a kan tsanar baƙon da bai sani ba. Turawa suna kwatanta abin da fitowa daga cikin kabad ɗin tufafi. Harvey Milk, ɗan siyasar San Francisco da aka harbe a 1978, yana cikin waɗanda suka fi yayata wannan kira. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire abin daga jerin cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990, kuma tun 1988 aka ware ranar 11 ga Oktoba a Amurka domin wannan fitowa fili. Adabi ya bi siyasa. Aka samu wani zubi na labari da kowa ya haddace: yaro yana ɓoye abu a ransa, yana shan wahala, ya haɗu da wanda ya ƙarfafa shi, ya tara iyali a falo ya faɗa, a yi kuka ko a yi kora, sannan ya fita ya shaƙi iska.

A nan ne nake da magana. Wannan zubi ido ɗaya gare shi, kuma a kan mai fitowa ya kafe. Idan ya fita ya shaƙi iskar, labari ya ƙare. Amma a rayuwar mutanen da suka girma a inda aure wajibi ne a idon jama'a, da wuya ka samu mai ɓoyon yana zaune shi kaɗai. Akwai wadda aka ɗaura masa, akwai 'ya'ya, akwai surukai. Manyan marubuta sun san da ita. Annie Proulx, a gajeren labarinta Brokeback Mountain da ya fito a 1997, wanda Ang Lee ya mayar fim a 2005, ta ba da labarin makiyayan tumaki biyu a Wyoming, Ennis da Jack, waɗanda suka haɗu a 1963, kowa ya je ya yi aure, suka ci gaba da haɗuwa da sunan tafiya kamun kifi. Duniya ta yi ta kuka saboda su biyun. Ni wurin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da Alma, matar Ennis, bayan sun rabu, ta tsare shi a ɗakin girki ta gaya masa cewa ta taɓa ɗaura 'yar wasiƙa a bakin zaren fatsarsa kafin ya tafi, tana roƙonsa ya kawo musu kifi ita da yara. Ya dawo yana ba da labarin kifin da suka kama suka ci. Ta buɗe kayan ta tarar da wasiƙarta a ɗaure yadda ta bar ta, zaren bai taɓa ruwa ba. Shekaru ta yi tana ɗauke da wannan a cikinta.

Na san wata Alma. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, tare muka tashi, ba zan faɗi garin ba balle suna. An yi mata aure da wani mutum mai kirki a idon kowa, mai sana'a, mai riƙe salla, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba. Cefane bai taɓa yankewa ba. Shekara shida ta yi a gidan. A cikin shekarun nan babu abin da ba ta yi ba. Ta sayi turaren wuta har kuɗin adashinta ya ƙare, ta yi lalle, ta yi dilka, ta sha tsimi iri iri, ta bi masu kayan mata gida gida. Ta yi azumin nafila. Aka kai ta wurin malamai aka ce sammu ne, aka ba ta rubutu ta sha, aka ba ta na binnewa a bakin ƙofa. Dangin miji suka fara gunaguni a kan rashin haihuwa, kuma a garinmu kowa ya san wuyan wa ake rataya wa wannan. Ta rame har sai ka kalle ta sau biyu kafin ka gane ta.

Ranar da ta dawo gida da takardarta ina nan. Ta zauna a bakin gadon mahaifiyata, gyalenta a hannu tana murɗa shi, ba ta kuka. Mahaifiyata ta ce, "'Yar nan, me ya yi zafi haka?" Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yaya, ashe ba ni ce ba ni da kyau ba." Shi da kansa ya gaya mata, a daren da ta ce ko ya faɗa mata laifinta ko ta sha wani abu ta huta. Ya ce mata ba ta da laifi, shi ne zuciyarsa ba ta taɓa karkata ga mace ba tun yana yaro, kuma mahaifiyarsa ta sani, ita ce ta ce a yi masa aure, aure zai gyara shi. Mahaifiyata ta yi salati ta ce, "To ke kuma 'yar wa aka mayar da ke? Magani?" Har yau 'yar'uwata ba ta gaya wa kowa a wajen ɗakin nan dalilin mutuwar auren ba. Ta rufa masa asiri, ta ɗauki sunan juya ta yafa, har Allah ya kawo mata wani mijin ta haifi 'ya'ya uku.

Shi ya sa da Walking with Shadows na Jude Dibia ya zo hannuna, na karanta shi a zama ɗaya. Ya fito a 2005, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko a Najeriya da ya ɗora irin wannan mutum a tsakiyar labari. Adrian babban ma'aikaci ne a Legas, yana da mata, Ada, da 'ya ɗaya. Bai tara kowa a falo ba. Wani abokin aiki da Adrian ya bankaɗo almundahanarsa ne ya ɗauki waya ya kira Ada ya tona masa asiri don ramuwa. Ku lura da wannan bambanci, domin yana da girma: a labarin Amurka mutum ne ke fitowa da ƙafarsa, a na Najeriya jawo shi ake yi ta wuyan riga. Dibia ya ba Ada fili ta yi fushi, ta ji kunya, ta tambayi kanta ko duk shekarun nan wasan kwaikwayo ne. Bai mayar da ita muguwar da ke tare wa tauraro hanya ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da littafin.

Chinelo Okparanta ta juya abin ta ɗaya gefen a Under the Udala Trees na 2015. Ijeoma yarinya ce Ibo da yaƙin Biyafara ya raba da gida, ta shaƙu da wata yarinya Bahaushiya mai suna Amina wadda ita ma yaƙin ya ɗaiɗaita. Aka kama su, mahaifiyar Ijeoma ta zaunar da ita tana yi mata karatun Baibul kullum don ta wanke ta. Amina ta yi aurenta. Ijeoma ma daga baya ta bi umarnin uwa ta auri Chibundu, abokinta na yarinta, suka haifi 'ya, gidan ya zama kurkuku ga su biyun. A nan namiji ne aka mayar magani, kuma shi ma ya ɗanɗana: ya zama mai ɗaci, mai zafin rai, yana neman son da babu shi. Marubucin Kenya Binyavanga Wainaina kuwa, a Janairun 2014, kwanaki kaɗan bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ya wallafa wani babi da ya ce ya ɓace daga littafin tarihin rayuwarsa. A ciki ya ƙaga cewa yana gefen gadon mahaifiyarsa a asibiti yana raɗa mata gaskiyarsa. Sannan ya dawo ya ce ba haka aka yi ba, ta rasu bai gaya mata ba. Ko shi da ya fi kowa baki a cikin marubutan Afirka na zamaninsa, sai da uwa ta kwanta dama ya iya furtawa, kuma duk ɗan da ya tashi da kunyar iyaye zai gane dalili.

Abin da ke yawo a wayoyin yara yanzu wani abu ne daban. Kasuwa ta gano akwai kuɗi a cikin wannan labari, sai ta wanke shi ta goge. Simon vs. the Homo Sapiens Agenda na Becky Albertalli ya fito a 2015, ya zama fim a 2018. Heartstopper na Alice Oseman ya fara a matsayin labarin zane a intanet a 2016, Netflix ta mayar da shi shiri a 2022. Red, White & Royal Blue na 2019 ya haɗa ɗan shugabar Amurka da yariman Ingila. Japan tun shekarun 1970 tana da nata reshen na labaran zane a kan soyayyar samari, wanda akasari mata ke rubutawa mata ke karantawa, Tailan kuma ta mayar da shi shirye-shiryen talabijin da ake kallo a ko'ina. Dabarar waɗannan ita ce a mayar da taurarin 'yan makaranta ko samari marasa nauyin kowa, a cire Hella, a cire Alma, a cire Ada. Ba wanda ya yi wa wani alkawari, don haka ba wanda za a ci amana. Iyaye su rungume, abokai su tafa. Na fahimci abin da ya sa masu su ke son su, domin sun gaji da labaran da kullum ke ƙarewa da gawa. Amma a matsayin adabi ba su kai ƙurar Baldwin ba, kuma yaron da ke karanta su a Zariya ko Damagaram ana nuna masa duniyar da ba ta yi kama da tasa ko ta ina ba, ana kuma koya masa cewa duk wanda bai yi shela ba maƙaryaci ne.

Wannan koyarwa ta juyo ta ciji masu ita. Kit Connor, ɗaya daga taurarin Heartstopper, yana ɗan shekara 18 masu kallo suka yi masa caa a Twitter suna tuhumarsa da cin riba da abin da ba nasa ba, har a ƙarshen Oktoban 2022 ya fito ya bayyana kansa, ya kuma ce tilasta masa aka yi. Ita ma Albertalli a 2020 ta rubuta cewa matsin masu sukar ta ne ya sa ta faɗi abin da ba ta shirya faɗa ba. Abin da aka fara da sunan 'yanci ya koma haraji, kowa sai ya biya da sirrinsa.

Mu a nan mun gaji wata hikima dabam. Muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Addu'ar da ta fi yawa a bakin tsofaffinmu ita ce Allah ya rufa asiri. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin mutane da leƙen sirrinsu, hadisi kuma ya yi alkawarin sutura ga wanda ya suturta ɗan'uwansa. Malamanmu na da ba su ji tsoron kallon zuciyar ɗan Adam ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, faƙihi ne mai tsauri, amma ya rubuta Ɗauƙul Hamama a kan so da alamominsa, ya kawo har da labaran mazan da son maza ya kama, ya ba da su da tausayi, sannan ya rufe littafin da babi biyu a kan munin saɓo da falalar kamewa. Bai ga karo tsakanin fahimtar mutum da riƙe hukunci ba.

Mu ne muka saki wannan gado. Yau a Facebook da TikTok tonon silili ya zama sana'a. A ɗauki hoton yaro saboda tafiyarsa ko muryarsa, a watsa, a yi masa tambarin da har ya mutu ba zai goge ba, ko da ƙarya ne. Dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a, amma babu inda ta ba ɗan unguwa izinin ɗaukar gora. Duk da haka a Fabrairun shekarar wasu gungun mutane suka shiga Gishiri a Abuja cikin dare suna fito da maza daga ɗakunansu suna duka. A kudu har suna aka raɗa wa sana'ar yaudarar mutum ta waya a kai shi wani ɗaki a yi masa tsirara a ɗauki bidiyo a riƙa tatsar danginsa, ana ce mata kito. Abin da Ingila ta gani bayan 1885 ke nan, ya dawo da sabuwar riga. Ba shari'a a cikin wannan, ba addini, fashi ne da zalunci. Kuma ga inda ya haɗu da 'yar'uwata: duk lokacin da tsoro ya ƙaru, uwa tana ƙara gaggawar nemo wa ɗanta mata don ta toshe bakin mutane. Kowane dukan da aka yi a titi, wata yarinya ce a wani gida za ta biya shi da ƙuruciyarta.

Da littafi ma halinmu ɗaya ne, hannu ke riga ido. A 2023 aka tashi haiƙan a kan Queen Primer, tsohon littafin koyon karatun Turanci da kakannin wasunmu suka yi amfani da shi, har Majalisar Wakilai ta tattauna, hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano ta hana sayar da shi, saboda kalmar "gay" da ke ciki, wadda a Turancin zamanin da aka rubuta shi ma'anarta mai fara'a. Hakkin iyaye ne su tace abin da ake koya wa 'ya'yansu, ina tare da su a kan wannan. Sai dai yayin da ake kwashe wancan daga kantuna, abin da ake tsoro na gaske yana cikin wayar da ke ƙarƙashin filon yarinya, kuma babu babban da ya karanta shi balle ya zauna da ita su yi magana. Mun taɓa yin irin wannan. A 2007 aka ƙona littattafan soyayya na Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Amma marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, da suka sha zagi saboda sun rubuta auren dole da wulaƙancin da ake yi wa mata a gidan miji, su ne suka sa muka fara kallon abin da muke kawar da kai daga gare shi. Ba su ƙirƙiro matsalar ba, a cikin gidajenmu suka same ta.

Ina jiran marubuciyar Hausa da za ta rubuta labarin nan daga ɗakin amarya. Ba na neman ta kwaikwayi zubin Amurka, da taron falo da shela, domin wannan riga ba a jikinmu aka auna ta ba. Ina so ta rubuta shekara shidan: turaren da ya ƙone a banza, rubutun da aka sha, habaicin dangin miji, da uwar da ta sani ta yi shiru. Ta rubuta shi mijin ma da adalci, mutumin da ya kwana yana roƙon Allah ya sauya masa zuciya, wanda bai da wanda zai gaya wa ba tare da ya sa ransa a haɗari ba. Za ta iya yin haka ba tare da ta halatta komai ba, kamar yadda Ibn Hazm ya yi.

Kafin ta rubuta, ina da roƙo ga iyaye da malaman da ake kai wa irin wannan magana a asirce. Asirin ɗanku ku rufa masa, ku yi masa addu'a, ku yi masa nasiha, ku tsare shi daga masu gora da masu kyamara, domin ɗanku ne kuma amana ne a hannunku. Amma idan kun san abin da ke ransa, kada ku je gidan mutane da goro da alewa ku karɓo 'yarsu a kan ƙarya. Ita ma 'yar wasu ce, da uwar da ta yi naƙudarta.